Daga Janbako zuwa Magicland da ɗan shekara biyu: inda waya ke taimako da inda take ajiye mutum

Duk lokacin Sallah, TikTok da sitatus na WhatsApp kan cika da bidiyon yara a kan lilo a Abuja, kuma yawancinsu a wuri ɗaya ake ɗaukarsu: Magicland, wanda har yanzu mutane da yawa suke kira da tsohon sunansa, Wonderland. An buɗe shi a 2007 a Kukwaba, kusa da Ƙofar Birni da babban filin wasa na ƙasa, a kan hanyar da ke shigowa gari daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Matashin magidanci a Janbako da ke da yaro ɗan wata ashirin da wani abu zai iya kallon bidiyon ya ce bana sai ya kai iyalinsa. Ba mafarki ba ne. Mota za ta fitar da su ta Talata Mafara, a hau titin Gusau zuwa Sakkwato, a wuce Lambar Bakura da Tureta, a shiga jirgi a filin Sultan Abubakar III, cikin kamar awa ɗaya da 'yan mintoci an sauka Abuja.

Kusan duk shirin a waya ake yin sa, daga neman tikiti har biyan kuɗin otal. Sai dai tafiyar tana da wurare uku da wayar ba za ta amfana komai ba, kuma su ne daidai wuraren da tafiya da ƙaramin yaro ta fi wuya. Shiri mai kyau shi ne wanda aka yi a waya da tunanin lokacin da za ta mutu.

Ranar haihuwa ce ke yanke farashi

Kafin a buɗe kowace manhaja, a fara duba ranar haihuwar yaron. A tsarin kamfanonin jiragen sama, wanda bai cika shekara 2 ba jariri ne: ba ya samun kujera, a cinyar babba yake zama, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na babba. Ranar da ya cika shekara 2 ya zama fasinja mai kujerarsa, kuɗin kuma ya kusa na babba ko ma ya kai shi, gwargwadon kamfani. Abin da ke kama mutane shi ne ana lissafin shekarun da ranar tashi ne, ba ranar sayen tikiti ba. Yaron da ya tafi yana da wata 23 da mako uku, ya kwana goma a Abuja, zai dawo a matsayin mai buƙatar kujera. Idan an saya masa tikitin jariri zuwa da dawowa, a kan tebur ɗin tantancewa za a gane, kuma farashin ranar tashi ba ya yi wa kowa sauƙi.

Daga nan maganar takarda ta shigo. Ma'aikacin jirgi ba zai yarda da cewa an haife shi bayan girbin gero ba. Shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce hujja, kuma a karkarar Zamfara ba kowane yaro ke da ita ba, musamman wanda aka haifa a gida. A nema tun ana saura makonni. A ɗauki hotonta a ajiye a waya, amma a tafi da ta ainihi cikin leda a jakar uwa. Haka kuma sunan da aka rubuta a tikiti ya dace harafi da harafi da na takarda. Muhammad da Mohammed suna ɗaya ne a wajen liman, ba ɗaya ba ne a wajen kwamfuta.

Wajen sayen tikitin, hanya mafi aminci ita ce shafin kamfanin jirgin ko manhajarsa. Kamfanonin da ke tashi daga Sakkwato da lokutansu suna yawan canzawa, don haka jadawalin da wani ya gani bara ba abin dogaro ba ne. Idan dole sai ta hannun ejan, akwai gwaji mai sauƙi. Kowane ajiyar kujera na da lamba mai haruffa da alƙaluma shida da ake kira PNR. A shiga shafin kamfanin da kai, a sa lambar da sunan mahaifi, a ga ko sunayen duka fasinjojin sun fito, har da na yaron. Amma fitowar suna kaɗai ba ta isa ba, domin ana iya riƙe kujera na 'yan awoyi ba tare da an biya ba, kuma a nan 'yan damfara ke cin kasuwa: su turo hoton ajiyar, a tura musu kuɗi, washegari ajiyar ta goge kanta. Abin da za a nema shi ne shafin ya nuna an biya, da lambar tikiti, wadda galibi alƙaluma 13 ce.

Wani abu kuma da matasa ke yi ba su san haɗarinsa ba: ɗora hoton katin shiga jirgi a sitatus. Wannan zanen layukan da ke jikinsa yana ɗauke da suna da PNR, kuma manhajar karanta lamba ta kyauta za ta fito da su. Da waɗannan biyun, wani zai iya shiga ya taɓa tikitin. Ga wanda zai bi hanyar Maradun zuwa Mafara, sanar da duniya ranar da zai fita da ranar da zai dawo ma matsala ce mai zaman kanta. Hotuna su jira sai an dawo gida.

Hanyar da ba sabis

Wuri na farko da waya ke ajiye mutum shi ne tsakanin gida da Sakkwato. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu bayanin rayuwa ba netwok. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kwashe makonni da dama ana zuwa wata jiha don buga waya. Ko a ranar da komai ke lafiya, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa a hanya.

Saboda haka duk abin da tafiyar ta dogara da shi ya kasance cikin wayar kanta, ba a intanet ba. Tikiti a sauke shi, a kuma ɗauki hoton allonsa, a tura wa wayar uwargida. Google Maps na ba da damar sauke taswirar yanki. A sauke ta Sakkwato da ta Abuja a inda ake da sabis mai ƙarfi, domin GPS ba ya buƙatar data, taswirar ce kawai ke buƙata. Lambar direba, ta mai masauki da ta ɗan'uwa a Abuja a rubuta su a takarda. A riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, don tiransifa ba ta san gaggawa ba.

Shawarar da ta fi duk wata manhaja a nan ita ce a kwana a Sakkwato. Jirgin safe na jawo fitar asuba, kuma wannan ba hanyar da ake bi da duhu ba ce, balle da mace da yaro. A fita da rana tsaka, bayan an tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar, a kwana, a je filin jirgi a natse. Haka a dawowa: jirgin da ya sauka da yamma na nufin wani kwanan. Kuɗin ɗaki biyu ne ya ƙaru a kasafi, kuma sun cancanta.

Ga masu shirin hutun ƙarshen shekara, hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yakan hana jirage sauka a filayen Arewa, wani lokaci yini guda. Manhajar Flightradar24 na nuna ko jirgin da zai ɗauke su ya ma taso daga inda yake, abin da sau da yawa ya fi sanarwar lasifika saurin faɗin gaskiya. Dokokin kare fasinja na hukumar NCAA sun tanadi haƙƙoƙi idan aka yi jinkiri ko soke tashi, amma idan yanayi ne sanadi, ba a biyan diyya. Jakar yaro dai ta kasance da kunzugu da abincin awoyi da yawa fiye da tsawon tafiyar.

Lissafin pawa-bank

A Zamfara, mai waya ba ya tafiya ba pawa-bank, kuma yanzu manya ake yayi. A filin jirgi girman ne ke jawo matsala. Ƙa'idar batirin litiyam a jirage ta duniya ce: ba a sa shi cikin akwatin da za a tura ƙasan jirgi, sai a jakar hannu, domin idan ya kama da wuta a inda mutane suke za a gani a kashe. Iyakar da aka yarda ba tare da neman izini ba ita ce Wh 100. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfani. Sama da 160 ba ya shiga ko kaɗan.

Matsalar ita ce a kasuwa da mAh ake sayarwa. Lissafin bai da wuya: a ninka mAh da 3.7, a raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama Wh 37. Mai 20,000 ya zama 74, ya wuce lafiya. Mai 30,000 ya zama 111, ya tsallake iyaka. Wannan ƙaton mai 50,000 da ke da fitila da igiyar ratayawa ya kai 185, wato zai kwana a hannun jami'an bincike ko a koma da shi mota. Wanda rubutun jikinsa ya goge ma ana iya ƙin karɓarsa, tunda ba yadda za a tabbatar da girmansa. Biyu masu 20,000 sun fi ɗaya mai 40,000.

Mintocin da kunne ke ciwo

Wuri na biyu shi ne cikin jirgin kansa. Iyaye da yawa shirinsu ɗaya ne: a cika waya da katun, idan ya fara kuka a miƙa masa. A Agustan 2025, bayan rikicin da aka yi da wata fasinja kan kashe waya, NCAA ta ba da umarnin a riƙa kashe wayoyi gaba ɗaya lokacin tashi da sauka a jiragen Najeriya. Sa ta a yanayin jirgi bai wadatar ba. A tafiyar awa ɗaya, idan aka cire tashi da sauka, abin da ya rage ba shi da yawa.

Kuma daidai waɗannan mintocin ne yaro ke kuka. Iskar cikin jirgi a sama daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Idan jirgi ya fara gangarowa, matsin iska na ƙaruwa a wajen dodon kunne, sai an buɗe wata siririyar hanya da ta haɗa kunne da bayan hanci kafin ciki da waje su daidaita. Babba na yin hamma ko haɗiyar yawu ya ji kunnensa ya buɗe. Ta yaro ta fi ƙanƙanta, ta fi kwanciya, kuma bai san dabarar ba. Maganin shi ne haɗiya: nono, ruwa a kofi mai tsotso, ko wani abin taunawa mai laushi. Gangarowa kan fara kamar minti ashirin zuwa talatin kafin taya ta taɓa ƙasa, don haka kada a ƙosar da shi tun a ɗakin jira, kuma idan barci yake yi gara a tashe shi, don mai barci ba ya yawan haɗiya. Yaron da ke da mura mai ƙarfi ko ciwon kunne, a nuna wa likita kafin ranar. Maganin sa barci kuwa, ko da maƙwabciya ta rantse da shi, ba abin bai wa yaro ba ne ba da umarnin likita ba.

Abin da ke aiki a lokacin ba shi da batiri: ƙaramar mota sabuwa da bai taɓa gani ba, littafi mai hotuna, tagar jirgi. Ma'aikatan jirgi kan bayar da ƙaramin bel da ake haɗawa da na uwa, a tambaya idan ba a kawo ba.

A tsakiyar tafiya, idan an halatta kunna waya, bidiyon da aka riga aka sauke zai yi amfani. A kulle allon a kan manhaja ɗaya, kada ƙananan yatsu su goge tikitin dawowa: Android na da tsarin maƙale manhaja a saitin tsaro, iPhone na da Guided Access. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Minti ashirin a sama ba zai rushe tarbiyya ba, amma ya nuna cewa wayar agaji ce kawai.

Cikin filin wasa

Gaskiyar da bidiyon TikTok ba ya nunawa ita ce yawancin manyan lilo ba na ɗan shekara 2 ba ne. Wuraren wasa da tsayi suke aunawa, kuma yaro a wannan shekarun bai cika wuce santimita 85 zuwa 90 ba. Rabonsa shi ne doki mai juyawa, ƙananan motoci da wurin tsalle-tsalle. Kafin a kashe kuɗin jirgi, a kira wurin ko a duba sababbin hotuna da sharhin masu ziyara a Google Maps, a jera su daga na kwanan nan, a tambayi kuɗin shiga, na kowane lilo, da lokacin buɗewa. Ranar Sallah da washegari cunkoso ne da layi cikin rana. Kwana uku ko huɗu bayan nan, da la'asar, yaron zai fi morewa. Kuma kada a raina Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, ko gidan namun daji na yara da ke Asokoro. Ga mai tafiya da ƙyar, ciyawa mai faɗi da zai yi gudu a kai na iya fin lilon da aka hana shi hawa.

A nan ne wuri na uku yake, wato cikin taro. Ana tallan AirTag da makamantansa a matsayin maganin ɓatan yaro, amma ba GPS ne a cikinsu ba. Bulutut suke amfani da shi, sai wata waya ta wuce kusa ta kai rahoton inda suke: iPhone ga AirTag, Android ga masu aiki da tsarin Google. Rahoton na iya zuwa a makare, kuma Apple da kansa ya ce don kaya aka yi shi, ba don bin mutane ba. A jikin akwati yana da amfani sosai. Ga yaro, lambar waya da aka rubuta da alƙalami mai kauri a ƙyalle aka ɗaura masa a hannu ta fi saurin dawo da shi, domin duk wanda ya tsince shi zai iya karantawa. A sa masa riga mai launi mai ƙarfi, a ɗauke shi hoto a bakin ƙofa kafin a shiga, don idan ana nemansa a nuna wa masu gadi kayan da ke jikinsa a ranar. Uba da uwa kuma su riƙa faɗa da baki wanda yaron ke hannunsa duk lokacin da ɗaya zai ɗaga waya ya ɗauki bidiyo.