Daga Rarraba Saƙonni Zuwa Tuƙin Tirela Bayan Shekaru Sun Ja

ABUJA: Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya tsananta tsadar rarraba saƙonni cikin birni. Direban da ya manyanta, yake son komawa tirela, sai ya fara samun lasin rukunin G, wanda doka ta keɓe wa irin waɗannan motoci. Zai koyi birkin iska da ja da baya da bodi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade gudun tirela a kilomita 60 cikin sa'a a babbar hanya. Kafin ya ajiye aikinsa, ya auna lafiyar idonsa da hawan jini, domin hanyar Lokoja ko Kaduna na nufin kwana nesa da iyali.