Fijo 504 Da Dajin Birnin Gwari

Jama'a, kada a raina tsohuwar Fijo 504. Irinta ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, Kaduna. Tamu a ƙofar gida muke gyaranta.

In ta tashi da tari, ba ma saurin kwance kafireta. Kwantak muke fara gogewa da samfefa, sannan fulogi. Man 'yan bumburutu kan zo da datti, shi ya sa muka ƙara mata matata ta biyu.

Ta taɓa tafasa mana a gefen dajin Kamuku, magariba ta kawo jiki, ga yara a baya, ga fargabar 'yan bindiga. Ashe fambel ne ya tsinke. Tun ranar, sabo ba ya barin but ɗinmu.