Tazarar Haihuwa a Salaga, Yendi da Bawku: Inda Ake Zuwa da Abin da Ya Kamata Ma'aurata Su Sani

Tambayar tazarar haihuwa tana yawan zuwa mana bayan karatu, galibi a asirce, kuma sau da yawa daga magidancin da matarsa ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki alhali na goye bai isa yaye ba. Jama'armu a zango suna jin nauyin zancen, shi ya sa wasu ke ƙarewa a wajen mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa, alhali ga asibiti kusa.

Mu fara da hukunci, domin shi ne ke tsayar da mutane da yawa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Jabir (RA), cewa sahabbai sun yi azalu a zamanin Manzon Allah (SAW), kuma a kansa malamai suka yi ƙiyasin hanyoyin zamani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta jinkirta ciki na ɗan lokaci idan akwai buƙata, da shawara da yardar miji da mata, ba tare da cutarwa ba. Ta haramta yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura. A lura, yarda ta ɓangare biyu ce: a mazhabar Malikiyya miji ba ya yin azalu sai da izinin matarsa. Likitoci kuma suna ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da ke cikin Suratul Baƙara.

Ina ake zuwa? Asibitin gwamnati na Salaga, asibitin Yendi da asibitin Presbyterian na Bawku suna kula da mata da yara, kuma ungozoma ita ce mutum ta farko da za a nema. Wanda ke nesa da gari ya fara da ƙaramin asibitin CHPS na yankinsa. Abin da ya fi ƙarfinsu za su tura shi gaba. Mace mai jego tana iya tayar da maganar ranar awon jariri, ba sai ta yi wata tafiya daban ba. Mutanen Bawku kuwa su riƙa sammako, saboda dokar hana fita da ake sakawa idan rikici ya tashi.

Tun Janairun 2022 inshorar lafiya ta NHIS ta ɗauki nauyin allura, ashanar hannu da robar mahaifa. Sharaɗin shi ne katin ya kasance da rai, kuma ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. Ƙwayoyin sha da kwaroron roba ba sa ciki, amma kuɗinsu kaɗan ne. Idan an nemi ku biya wani abu, ku tambayi na mene ne, ku karɓi rasit.

Allurar Depo wata uku take yi, sai dai bayan an daina ta ciki kan yi jinkiri na wasu watanni, don haka ba ta dace da mai son ɗaukar ciki nan kusa ba. Ashanar hannu ana sa ta ne a ƙarƙashin fatar damtse: Implanon shekara uku, Jadelle shekara biyar. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara goma. Duka biyun mace tana da ikon cewa a cire mata a duk lokacin da ta so, kuma haihuwa tana dawowa da wuri. Ƙwayoyi kullum ake sha, kuma akwai irin da bai dace da mai hawan jini ko mai sabon jego ba, shi ya sa gwajin jini da faɗin gaskiya ga ungozoma suke da muhimmanci. Shayarwa ita kaɗai tana kare ciki ne idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya ɓace, kariyar ta tafi.

Akwai abin da asibiti ba kasafai yake bayyanawa ba, amma ya shafe mu ƙwarai. Allura da ashana sukan rikita al'ada: wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo kwanaki da yawa, wata kuma jinin ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaukewar ba ta nufin jini yana taruwa a ciki, kamar yadda ake yaɗawa. Amma mun ga mata suna barin salla makonni saboda ɗigon nan, alhali jinin da ya wuce iyakar haila istihala ne, ba ya hana salla ko azumi. Wadda ta shiga wannan hali ta rubuta kwanakin da take ganin jini, ta kai wa malamar islamiyyarsu domin sanin hukunci, sannan ta koma wa ungozoma, domin akwai maganin da ke rage zubar, ko a canza mata wata hanyar.