Tseren Dawakin Tsallake Shinge a Ingila: Daga Ina Kuɗin Kyautar Ke Fitowa?

A watan Maris na kowace shekara, garin Cheltenham da ke Ingila kan cika maƙil tsawon kwana huɗu saboda bikin tseren dawaki masu tsallake shingaye. A watan Afrilu kuma sai hankali ya koma filin Aintree kusa da Libaful, inda ake gudanar da gasar Grand National wadda aka fara tun 1839, dawaki su yi gudun kusan kilomita 7 suna tsallake shinge 30.

Musulunci bai ƙi tseren dawaki ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere a Madina, ya ware wa horarrun dawaki zango mai nisa, waɗanda ba a horar ba kuma zango gajere. Malaman fiƙihu sun halatta kyauta a tseren doki idan shugaba ne ya sanya ta, ko wani da ba ya cikin masu takara. Ke nan kamfani ya ɗauki nauyin kyautar tsere ba laifi ba ne a asalinsa.

Matsalar tana ga abin da kamfanin yake tallatawa da kuɗinsa. Daga 1984 zuwa 2016, kamfanonin giya ne suka riƙa ɗaukar nauyin Grand National bi da bi: Seagram da Martell da John Smith's da Crabbie's. Sai a 2017 Randox, kamfanin gwaje-gwajen lafiya, ya karɓa. A Cheltenham kuwa, an sha liƙa wa manyan tseren sunayen kamfanonin caca irin su Unibet da Paddy Power da Sky Bet. Giya da caca su ne Allah Ya haɗa a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya umarci muminai su nisance su.

Kamfanin caca ba don son doki yake zuba kuɗi ba. Abin da yake saye shi ne idon mai kallo, domin sunansa ya zama abin sabo har a daina jin nauyinsa. Kyautar da ya bayar kuma wani ɓangarenta daga asarar 'yan caca ta fito. Ingila kanta ta fara gane haka: a 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire tallan caca daga gaban rigunansu.

Akwai wata hanyar. Gasar Saudi Cup da ake yi a Riyad tun 2020, duk da ba ta tsallake shinge ba ce, kyautarta dala miliyan 20 ce, kuma ba a caca a filin.

Abin lura ga iyaye da ɗalibai shi ne, wannan talla tana iso mana ne ta waya da talabijin. Kallon gudun doki mubahi ne, amma manhajar da ke ƙarƙashin hoton tana neman kuɗin makaranta da na cefane. Allah Ya tsare mana imaninmu da dukiyarmu.