Daga Kano Zuwa Kazaure: Uwargida, Sauke Kayanki Ki Zauna

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a watan Agusta na 1991, akwai wata ƙaura da ba a cika maganarta ba, wato ta matan da aikin mazajensu ya ɗauko su daga birnin Kano ya kawo su Kazaure, ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa. Wata mijinta malami ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, wata ma'aikacin asibiti, wata kuma na ƙaramar hukuma. Ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ita ma tana jawo nata ma'aikatan da iyalansu.

Daga Kano zuwa Kazaure, ta hanyar Dambatta, kimanin kilomita 80 ne. To 'yar uwa, wannan kusancin shi ne babban tarkon. Macen da aka kai Maiduguri ta san ta yi nisa, sai ta share hawayenta ta nemi yadda za ta zauna. Amma wadda aka kai Kazaure, gani take nan da can ne. Rabin kayan ɗakinta na gidan iyayenta, telanta na Kano, mai kitsonta na Kano, ko zannuwan yara sai an je Kantin Kwari. Duk Juma'a tana tasha. Sai ta shekara uku a gari ba ta san sunan matar maƙwabcinta ba.

Kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan zirga-zirga ta zama abin da albashi ba ya ɗauka. Daga nan ake fara ƙorafi: shi yana ganin ta raina wurin neman abincinsa, ita tana ganin ya kulle ta a inda ba ta da kowa. A ƙarshe sai a shirya cewa ta koma Kano da yara, shi yana zuwa ƙarshen mako. Mu faɗa wa juna gaskiya, irin wannan tsari ne yakan kai ga wata rana a ji an ɗaura masa aure a can. Ba laifi ya yi ba a shari'a, amma kujerar da kika bari ce aka zauna a kai.

Abu na farko da ya kamata ki gyara shi ne bakinki. Kada ki kuskura ki kira garin mutane ƙauye, ko da wasa. Kazaure masarauta ce tun zamanin Ɗan Tunku, a 1819, kuma mutanenta suna alfahari da hakan. Kalmar "mu a Kano" idan ta yi yawa a bakinki, ita ce za ta zama sunanki a unguwa. Ki tuna a birni magana takan ɓace cikin hayaniya, a nan kuwa abin da kika faɗa da hantsi a gidan suna, kafin la'asar ya isa kunnen wadda kika yi da ita, don mai yiwuwa wadda ke zaune kusa da ke ƙanwar mijinta ce.

Sai gaisuwa. A Kano kina iya rufe ƙofarki wata guda ba wanda zai ce me ya faru. A ƙaramin gari ana lissafi: wa ta zo barka, wa ta zo ta'aziyya, wa ta aiko da kwano ranar Sallah. Makon da kika tare, ki nemi izinin maigida ki shiga gidajen da ke kewaye da ke, ki fara da mafi tsufa a cikin matan, ki durƙusa ki ce, "Inna, ni ce baƙuwarku." Wannan tsohuwa ita ce za ta nuna miki mai nono na gaskiya, da mai itace, da yarinyar da za a iya aika. Makarantar Islamiyya ta matan aure kuwa, babu inda ya fi ta saurin haɗa ki da ƙawayen kirki. Ba cewa aka yi ki buɗe cikinki ga kowa ba, fara'a daban, sirrin gida daban.

Akwai riba ma da idon mai kewar birni ba ya gani. Kuɗin haya bai kai na Kano ba, babu cunkoson ababen hawa, hatsi kuma idan kaka ta yi a kusa da gona kike saye. Abin da kike ganin babu a garin, kamar ɗinki mai kyau ko turaren wuta ko cincin na biki, shi ne ƙofar sana'arki, domin akwai matan ma'aikata da yawa da ke neman abin da kike nema.

Shi ma maigida da nasa. Bai dace ya ajiye 'yar mutane a Gwiwa ko Roni ya wuce majalisa har goman dare ba, alhali shi yana da abokan aiki, ita kuwa sai bango. Ya gabatar da ita ga matan abokansa, a kuma tsayar da lokacin ziyarar gida, ko sau ɗaya a wata ko bayan wata biyu, yadda ba sai an yi rigima kafin a tafi ba.

Maganar lafiya kuwa ba a jiran sai ta taso. Idan kina da juna biyu, ki yi rajistar awo a asibitin da ya fi kusa da ke, ko da kina da niyyar haihuwa a gaban mahaifiyarki a Kano, domin naƙuda ba ta duba kalanda. Ku san tun da wuri motar wa za a nema idan abin ya zo da tsakar dare, wace maƙwabciya ce za ta raka ki, kuma a hannun wa za a bar yaran.