Kamun Kifi a Fadamar Haɗejia: Wace Fasaha Ce Ke Amfanar Masunci, Wace Ce Asarar Kuɗi?

Masuncin da ke shiga ruwa a Baturiya ko a mashigin Marma yana da tambaya ɗaya duk shekara: yaushe ruwa zai zo, kuma yaushe zai janye? Amsarta ce ke nuna ko zai ci bashi ya sayi sabon kalli, ko ya haƙura ya gyara tsohon. A da, dattawa da sarkin ruwa ne ke ba da amsa. Yanzu wayar da ke aljihunsa ma tana da abin cewa, sai dai ba kowace na'ura ce ta dace da wannan ruwa ba.

Yadda kifi ke bin lokaci

Fadamar Haɗejia zuwa Nguru ruwa ne mai faɗi maras zurfi, wanda kogin Haɗejia da na Jama'are ke cikawa. Daga Agusta zuwa Satumba ruwa na malala cikin ciyayi, tarwaɗa da karfasa da bargi su bi shi su hayayyafa. A lokacin kifi ya warwatse, kamu kan yi wuya, kuma wanda ya sa raga mai ƙananan ido yana cin jarin baɗi ne.

Da kaka ruwa ya fara janyewa, kifin da ya yi ƙiba sai ya nufi kwari da tafkuna. Nan ne kakar masunta, kuma nan ne kasuwar kifi ta Haɗejia ke cika da banda. A hunturun Disamba da Janairu ruwa kan yi sanyi, karfasa ta rage cin abinci, don haka kamu ya fi kyau idan rana ta ɗaga. Da bazara kuwa tafkuna na ƙanƙancewa, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa ta yi ƙaranci, musamman da asuba. Tarwaɗa na jurewa domin tana iya shaƙar iska a sama, gaiwa kuma ta shige cikin laka ta jira damina.

Abin da ya rikita lissafi

Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun canza wannan tsari. Ambaliyar damina ta ragu a shekaru da dama, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba kacala damar mamaye hanyoyin ruwa. Inda ta toshe, ruwa ya karkata zuwa gonaki da gidaje, wani tafkin kuma ya bushe. A 2022 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Jigawa. Ke nan sanin dattawa kaɗai bai isa ba, tunda yanzu ruwan yana bin ƙofar dam kamar yadda yake bin hadari.

Fasahar da ke aiki

Ta farko kyauta ce. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma na fitar da na ambaliya. Akwai kuma Flood Hub na Google, wanda ke nuna hasashen tashin kogi na kwanaki masu zuwa a kan taswira, kuma ana buɗe shi da ƙaramar wayar Android.

Ta biyu hotunan tauraron ɗan Adam ne. Sentinel-2 na Turai yana ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana 5, kowane ɗigo a hoton yana daidai da mita 10 a ƙasa, kuma ba a biyan ko sisi. Matashi ɗaya a ƙungiyar masunta zai iya kwatanta hoton wannan mako da na makon jiya, ya ga tafkin da ke janyewa da mashigin da kacala ta rufe, ya tura wa sauran ta WhatsApp da saƙon murya. Matsalarsa gajimare: a Agusta yakan rufe hoton, sai a koma ga Sentinel-1 mai amfani da rada.

Ta uku firji mai aiki da hasken rana. Yana da tsada, amma idan ƙungiya ta haɗa kuɗi, masunci ba zai karyar da ɗanyen kifinsa da yamma don tsoron ruɓewa ba.

Wadda ba ta biyan kuɗinta

Na'urar gano kifi da ake tallatawa a intanet tana harba sauti ƙasa ne ta saurari dawowarsa. Wasunsu faɗin da suke gani bai wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan ba. A ruwa mai zurfin mita ɗaya da rabi, abin da irin wannan za ta duba bai fi faɗin faifai babba ba, ga ciyayi da ke cika allon da alamun ƙarya. An ƙera ta ne don masu kamun nishaɗi da ƙugiya. A Tiga, inda akwai zurfi, tana iya amfani. A fadama kuwa, kuɗinta gara a sa shi a jakar kare waya daga ruwa, da ƙaramin faifan sola na caji, da rigar ceto ga duk wanda zai hau kwalekwale.