MAI ƊAUKAR MA'AIKATA A INGILA: ABIN DA DOKA TA ƊORA MASA

A yau da wuya ki shiga unguwa ba ki ji an ce wane ko wance na shirin tafiya Ingila ba, ko don karatu, ko don aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Wata ta sayar da gwal ɗinta, wata ta kwashi adashi, duk don a cika wa dillali kuɗin hanya. To, kafin ki kwance bakin zanenki, ya kamata ki san cewa a can ba a ɗaukar mutum aiki don an san iyayensa ko don ya yi rantsuwa. Doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin bincike, kuma sanin wannan nauyi shi zai nuna miki mai gaskiya da ɗan damfara.

Dokar da ake aiki da ita an yi ta a 2006, ta fara aiki a 2008. Abin da ta ce shi ne, tilas ne mai ba da aiki ya tabbata mutum yana da iznin yin aiki a ƙasar tun kafin ranar da zai soma. Ba kamfanoni kaɗai take nufi ba. Ke uwargida da kike zaune can, in kika ɗauki mai raino kina biyanta albashi, kin zama mai ba da aiki a wurin hukuma. Yarinyar da ta shiga da bizar ziyara kuwa ba ta da iznin aiki, ko da 'yar ƙanwarki ce.

Ga yadda ake binciken. In mutum ɗan ƙasa ne, sai a karɓi fasfonsa na ainihi, a duba hoto da ranar haihuwa yana nan a gaban mai dubawa, a ɗauki kwafi, a rubuta ranar da aka duba. In kuwa baƙo ne mai biza, watau irin namu, yanzu izninsa yana cikin kwamfutar Ma'aikatar Cikin Gida ne. Shi baƙon zai shiga shafin gwamnati ya fitar da wata lamba mai haruffa da alƙaluma tara, wadda ke aiki kwana 90. Mai aikin zai sa lambar da ranar haihuwar mutumin, sai hotonsa ya fito, da irin aikin da aka yarje masa, da ranar da izninsa zai ƙare. Tun watan Afrilu na 2022 nuna katin zama a hannu bai isa ba. Ana ajiye shaidar binciken muddin mutum na aiki a wurin, da ƙarin shekara biyu bayan ya bari. Sa'an nan in iznin na ɗan lokaci ne, sai an sake dubawa kafin ya ƙare.

Ke 'yar makaranta mai burin karatu a can, wannan ya shafe ki. Ɗalibin digiri sa'a 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin da makaranta ke buɗe, kuma wajibi ne mai aikin ya nemi takardar da ke nuna ranakun zangon karatu da na hutu. Wanda ya ce miki "ƙara sa'o'i, ba mai sani," bizarki yake wasa da ita.

Me ya sa suke tsananta wannan bincike haka? Don tarar ba ta wasa ba ce. Da farko fam 10,000 ce a kan kowane ma'aikaci. A 2014 ta koma fam 20,000. Daga watan Fabrairu na 2024 ta kai fam 45,000 a laifin farko, wanda ya sake kuwa fam 60,000. Wanda ya ɗauki mutum alhali ya san ba shi da izni, ana iya ɗaure shi har shekara biyar. Shi ma ma'aikacin bai tsira ba, gama tun 2016 yin aiki ba izni laifi ne, ana iya ƙwace abin da ya tara, a kuma mai da shi gida. Amma mai aikin da ya yi bincikensa daidai, ya ajiye shaida, ba za a ci shi tara ba ko da daga baya ta bayyana an ruɗe shi ne.

Har ila yau doka ta hana shi wariya. Ba shi da ikon ya tambayi baƙar fata takarda ya ƙyale Bature, ko ya kori mace don sunanta ko lulluɓinta. Kowa za a duba, daidai wa daida. An ga illar ganganci a 2018, sa'ad da ta fito fili cewa mutanen Jamaika da maƙwabtanta, waɗanda suka zo tun suna yara kuma zamansu halal ne, wasu sun rasa ayyukansu don ba su da takardar nunawa. Abin ya kai har ministar cikin gida, Amber Rudd, ta yi murabus.

Yanzu sai alamun da za ki riƙe. Na ɗaya, tun ranar 22 ga Yuli 2025 an rufe ɗauko sababbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, kuma tun watan Maris na 2024 aka hana su tafiya da iyali. Duk wanda ya zo miki da wannan hanya yau, kuɗinki yake so. Na biyu, ba a sayar da gurbin aiki. Kuɗin takardar ɗaukar nauyi a wuyan kamfani yake, an hana shi ɗora wa ma'aikaci. Na uku, dubawa ake yi a miƙa wa mutum fasfonsa, ba a riƙewa. Na huɗu, mai aikin da bai tambayi lambar nan ba, ya ce zai biya a hannu, ba taimako yake yi ba. Ranar da ya hana albashi, wa za a kai wa ƙara?

Kada ki ce kamfani ne zai sha wuya shi kaɗai. Tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 an soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470. In aka soke lasisi, galibi kwana 60 ake ba ma'aikaci ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa, ko ya bar ƙasar. Garin neman ƙiba sai a samo rama, ga bashi a gida.

Saboda haka uwargida, in maigida ko ɗanki ya kawo maganar tafiya, tambaye shi sunan kamfanin. Gwamnatin Ingila tana buga jerin sunayen masu lasisin ɗaukar baƙi a intanet, kuma kyauta ake dubawa. In ba ki iya ba, sa 'yarki 'yar makaranta ta duba miki kafin kobo ya fita daga hannunki. Allah ya tsare mu da faɗawa hannun macuta, amin.